Ruwa ba shi tsami banza: darasi bisa gansakuka

In bazara ta kama a ƙasar Malbaza, ruwa shina ja da baya ko'ina. Tabki shi ƙanƙance. Kududdufin bayan gari shi koma rabi. Ruwan da ya saura shi sake kama, shi yi kore kaman miyar kuka. Wani wuri kuma sai a ga wani abu kaman gashi ya shimfiɗu bisa ruwa. Wagga aba ita ce gansakuka.

Kowa ya san ta. Mace tana ture ta da ƙwarya kafin ta ɗebi ruwa. Mai garka shina fidda ta daga bakin tiyon injinshi. Makiyayi shina ganin ta manne ga bakin shanu. Amma mutane da yawa ba su san mafarinta ba. Wasu sun ɗauka datti ce kawai. Wasu kuma suna biɗar maganin da za su zuba ta mutu.

Hausawa sun ce ruwa ba shi tsami banza. Haka nan ba shi yin kore banza. Gansakuka alama ce. Tana nuna abinci ya yi ma ruwa yawa. Wanda ya gane haka shina iya tsare kifinshi, da bisashenshi, da lafiyar iyalinshi, ba tare da ya sayi magani ba.

1. Ruwan da ake magana bisa gare shi

Jihar Tawa ba ta da gulbi mai gudu shekara duka. Magiya da damana kawai take gudu. Don haka arzikin jiha na ruwa shina cikin tabkuna, da madatsun ruwa, da rijiyoyi.

Bisa Magiya anka gina madatsun Mozage da Zango. Ruwansu shina bin babbar hanya zuwa matarar Cerasa, daga nan a raba shi ga gandun noman rani na Ƙonni. An yi aikin gandun ga kashi 2, a 1976 da 1982. Faɗinshi ya zarce hekta 2.400. A Galmi ma akwai madatsa, ga kuma albasar da ta kai sunan garin nesa. Tabkin Ɗan Dutsi, a ƙasar Bagaruwa wadda a da take haɗe da Illela, da tabkin Tabalak, suna ba da kifi. A 2005 anka sa su biyun cikin jerin wuraren ruwa da ƙasashen duniya sunka yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar Ramsar.

Bayan waɗanga, ga ƙananan tabkuna kusa da garuruwa. Ga tankunan siminti da masu garka ke tara ruwa. Ga kwamin shayar da bisashe. Ga ramun kiwon kifi da samari ke ginawa.

Duk waɗanga ruwa ne kwance. Ruwa kwance kuwa shi ne gidan gansakuka.

2. Mi ake kira gansakuka?

Gansakuka ɗan tsiro ce na cikin ruwa. Ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta yin fure. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai. Ido ba shi ganin ƙwaya guda, sai da madubin likita. In sun taru da yawa, sannan ruwa ke yin kore.

Irinta shina ko'ina. Iska tana kawo shi cikin ƙura. Tsuntsu shina kawo shi ga ƙafa. Don haka babu mai iya ƙare ta daga duniya. Abin da mutum ke iyawa shi ne hana ta yawa.

Abu 3 take bukata don ta yaɗu:

Na 1: hasken rana.
Na 2: abinci.
Na 3: ruwa kwance mai ɗumi.

Abubuwan ga kaman duwatsun murhu suke. In an janye guda, tukunya ba ta zama.

Abincinta shi ne abincin hatsi da albasa. Masana suna kiran shi azot da fosfor. Azot shi ne ke cikin takin zamani fari da ake kira ure. Azot da fosfor duka suna cikin takin 15-15-15. Suna kuma cikin kashin shanu, da kashin kaji, da fitsari, da bayan gidan mutane, da ruɓaɓɓen ganye, da sauran abincin kifi da ya nutse ƙasa. Wani irin omo na wanki ma shina da fosfor. Takin da ke sa gona ta yi shar, in ya faɗa ruwa, shi ne ke sa ruwa shi yi shar.

3. Gansakuka iri 3 ce

Ta fari ita ce mai rina ruwa. Ba a iya kama ta da hannu. Ruwa ne kawai ke yin kore. Wagga tana da amfani in ba ta yi yawa ba. Ita ce abincin karfasa, da na ƙananan ƙwarin ruwa da ɗiyan kifi ke ci.

Ta biyu ita ce mai zare. Tana kama da gashi ko jiƙaƙƙiyar auduga. Tana farawa daga ƙasa, inda ruwa ba shi da zurfi, sannan ta taso ta yi tabarma bisa ruwa. Tana sarƙe ɗiyan kifi. Tana toshe hanyar ruwa da bakin tiyo. Ƴaƴan sauro suna ɓuya cikinta, kifi shi kasa cin su. Katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya ita ma tana cin gansakuka, tana zama inda ta yi yawa.

Ta uku ita ce mai kama da fenti. Tana tasowa bisa ruwa kaman an zuba koren fenti mai shuɗi-shuɗi. Sau da yawa tana wari. Iska tana kora ta gefe guda ta taru. Masana sun gano wagga dangin ƙwayoyin bakteriya ce. Ita ce abin tsoro, don wani lokaci tana da dafi.

Ga yadda ake bambanta su. A tsoma dogon kara cikin ruwa, a ɗago shi sannu. In ya fito da zare rataye, ta biyu ce. In ya fito kaman an tsoma shi cikin fenti, ta uku ce. In ya fito ba komi, ruwa kuwa kore ne, galibi ta fari ce.

4. Don mi kifi ke mutuwa da asuba?

Kifi shina numfashi kaman kowace halitta. Cikin ruwa akwai iskar numfashi a narke, wadda masana ke kira oksijan. Ita kifi ke ja ta matsattsaginshi na gefen kai.

Da rana, gansakuka tana shan haske, tana saki iskar numfashi cikin ruwa. Wanga alheri ne. Amma in rana ta faɗi, aikin ga shina tsayawa. Da dare gansakuka ba ta ba da iska, sha take yi. Kifi shina sha, gansakuka tana sha, ruɓaɓɓen abin da ke ƙasa shi ma shina sha. Iska ta yi ta raguwa har gari shi waye. Da asuba take kaiwa ƙarshen ƙarancinta.

In gansakuka kaɗan ce, iska tana kai kowa safe. In ta yi yawa, sai ta shanye rabon kifi.

Lokaci 3 sun fi haɗari. Na fari, tsakar bazara, cikin Afrilu da Mayu, don ruwa mai zafi ba shi riƙe iska kaman ruwa mai sanyi. Na biyu, in hadari ko hazo ya rufe rana kwana 2 ko 3, don gansakuka ba ta samu hasken yin aiki ba. Na uku, ruwan shuka na fari, wanda ke wanko kashin bisashe na rani duka shi zuba cikin tabki.

Akwai kuma babban haɗari: gansakuka ta mutu gaba ɗaya. Sai ruwa shi koma ja-ja ko baƙi, shi yi ɗoyi. Ruɓewarta tana cinye iskar da ta saura.

Mai kiwon kifi shi riƙa duba ruwanshi bayan sallar asuba. In ya tarar karfasa sun taso sama suna buɗe baki, iska ta ƙare. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar waje, shi ya sa tasowarta sama al'ada ce, kuma ta fi daurewa. Giwan ruwa kuwa ba shi jimre ƙarancin iska.

In haka ta faru, a yi abu 4 nan take. A bar ba da abinci ranar. A fidda buhun taki in akwai shi cikin ruwa. A tada inji a zuba sabon ruwa daga sama, shina fantsama. In babu inji, a riƙa ɗibar ruwa da ƙwarya ana watsawa sama har rana ta ɗaga. Kifin da ya mutu a tsame shi a bizne. Ba a ci, ba a kai shi kasuwa.

5. Awon kore

Manomi shina auna hatsi da tiya. Koren ruwa ma ana auna shi.

A samu sanda mai tsawon metir 1. A kafa farin murfin kwano ga ƙarshenta. A yi tsaga bisa sanda a santimetir 20 daga murfi, a yi wata a santimetir 40. Da hantsi, a tura sanda cikin ruwa sannu, murfi shina kallon sama. A duba inda murfi ya ɓace ma ido.

In ya ɓace kafin ruwa shi kai tsagar fari, kore ya yi yawa. A tsai da taki, a rage abinci, a sake wani kashi na ruwa.

In ya ɓace tsakanin tsaga 2, ruwa ya yi daidai.

In har an wuce tsaga ta biyu ana ganin shi sarai, ruwa ba shi da abincin karfasa sosai. Ana iya ƙara ɗan taki.

Awon ga na koren ruwa ne. In laka ce ta gurɓata ruwa ya yi ja, awo ba shi faɗin gaskiya. A yi awo sau 2 cikin mako. Sanda ta fi tsoma hannu, don tana tsare mutum daga tsargiya da ƙaiƙayi.

6. Darasi daga akwatin gilashi

A manyan birane akwai masu aje ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi don ado. Suna zuba yashi ƙasa, suna dasa ciyayin ruwa, suna kunna fitila bisa kai. Akwatin ga ƙaramin tabki ne. Babbar damuwarsu ita ce gansakuka, don tana rufe gilashi da ganye.

Gwanayensu sun daɗe da gane magani ba shi raba su da ita. Abin da suke yi shi ne: ba su aje akwati inda rana ke dukan shi. Fitila awa 6 zuwa 8 kawai suke kunna ta cikin yini. Abinci kaɗan suke ba kifi. Kowane mako suna zubar da wajen kashi 1 cikin 4 na ruwa, su zuba sabo. Suna dasa ciyayi da yawa don su riga gansakuka cin abinci. Suna sa kifi da katantanwa masu cin ta. Wadda ta manne kuma su kankare ta da hannu.

Ke nan rage haske, rage abinci, sake ruwa, sa mata abokan gasa. Dokar akwati ita ce dokar tabki.

Kowace makarantar yaƙi da jahilci tana iya gwada wanga abu. A samu kwalba 3 farare. A cika su da ruwan rijiya. A ɗiga ma kowace cokali guda na koren ruwan tabki.

Kwalba ta 1: a aje ta rana, ba a sa mata komi.
Kwalba ta 2: a sa mata ɗan tsunkule na taki, a aje ta rana.
Kwalba ta 3: a sa mata taki daidai da ta biyu, a rufe ta da tukunya, haske ba shi shiga.

Bayan kwana 7 zuwa 10 a jera su gaban ɗalibai. Ta biyu za ta fi kowace kore. Ta fari za ta yi ɗan kore kaɗan. Ta uku ba za ta yi kore ba.

A nan wani dattijo shina iya cewa: "To, Malam, kwalba dai an kifa mata tukunya. Tabki fa? Wa ke da tukunyar rufe shi?"

Amsa ita ce: "Gaskiyarka, Baba. Babu mai rufe ma tabki rana. Amma dubi kwalba ta fari. Rana ta dake ta kaman ta biyu, ba ta ɓaci ba, don ba ta samu taki ba. Inda ba a iya tare rana, sai a tare taki."

7. Aikin mai kiwon kifi

Ramin kifi shi yi zurfin da ya kai metir 1. Gefe kada shi yi shimfiɗa mai faɗi, don inda rana ke kai ƙasa nan mai zare ke tsira.

A ba kifi abin da za su cinye cikin minti 15. In an ga saura shina yawo, gobe a rage. Dussa da ta nutse ba ta zama nama, gansakuka take zama. A ba da abinci da hantsi da la'asar, ba da asuba ba.

Mai kiwon karfasa shina bukatar ɗan kore. Kada shi watsa taki ko'ina. Shi ɗaure shi cikin buhu, shi rataya shi kusurwa guda. In awo ya nuna kore ya isa, shi ɗago buhu.

Mai kiwon tarwaɗa cikin tanki ba shi bukatar taki ko kaɗan, don abincin hannu suke ci. Shi yi ma tanki rumfar zana ta rufe rabi. Shi riƙa sake ruwa a kai a kai, ta bututun ƙasa, don datti ƙasa shike kwanciya.

Kada a cika kifi fiye da ƙarfin ruwa. Kifi da yawa, kashi da yawa.

Ruwan da anka fidda ba na zubarwa ba ne. A kai shi ga albasa, ko tumatir, ko zogala. Abin da ya yi ma kifi yawa, shi ne shuka ke so.

Mai zare a yaye ta da manjagara tun tana kaɗan. Kada a bar ta bakin ruwa, don ruwan sama zai maida ta. A kai ta ramin taki.

8. Aikin gari duka

Tabkin gari ba na mutum guda ba ne. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Mai gari, da sarkin ruwa, da makiyaya, da masu garka, da ƙungiyar mata, su zamna su yanke shawara.

A keɓe mashaya guda ta bisashe, kada su shiga ta ko'ina suna kashi cikin ruwa. Inda hali ya yi, a gina gajeruwar rijiya nesa kaɗan da baki, a riƙa zuba musu cikin kwami.

Kada a yi turken bisashe, ko juji, ko salga, bisa hanyar da ruwan sama ke bi zuwa tabki. Kada a yi bayan gida bakin ruwa.

Masu wanki su ɗebi ruwa su ja baya. Ruwan sabulu a zuba shi ga ƙasa.

A bar ɗamarar ciyawa kewaye da tabki, kaman gamba ko jema. Saiwarsu tana tare laka da taki. Bado kaɗan shina yi ma ruwa inuwa. Amma kada a bar kainuwa ko kacalla su mamaye ruwa. In sun rufe shi, wata sabuwar wahala ce.

Gyaran tabki daga tudu shike farawa. Tun ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela da Badagishiri sunka yi suna wajen tassa, da rabin wata, da jerin duwatsu. Ayyukan ga suna riƙe ruwa da taki cikin gona. Takin da ya tsaya gona ya zama hatsi. Wanda ya gangara tabki ya zama gansakuka. Manomi ya yi hasara sau 2.

A gandun noman rani, mai albasa shi sa takin zamani gwargwadon yadda malamin gona ya faɗa. Shi raba shi kashi-kashi, shi tura shi cikin ƙasa. Kada shi zuba taki sannan shi saki ruwa har shi malala waje. Kada a wanke buhun taki cikin hanyar ruwa. Ƴan ƙungiya su yi gayyar yashe hanyoyi kafin a saki ruwa. In hanya ta toshe, wanda ke ƙarshenta shi ke kwana da ƙishirwa.

Cikin gida kuma, randa da jarka su zamna inuwa, a rufe. Farar jarka da rana ke ratsawa ita ke saurin yin kore. A wanke su kowane mako da tsabtataccen yashi da sabulu, a ɗauraye sosai. Kwamin bisashe a zubar da sauran ruwa, a goge shi, a bar shi shi sha rana.

9. Kada a zuba guba

Wasu suna tunanin zuba maganin ƙwari ko maganin ciyawa cikin ruwa. Wanga babban kuskure ne. Maganin ƙwarin auduga da na albasa shina kashe kifi, shina cutar da bisashe da mutane.

Akwai wani shuɗin gishiri da ake yi da jan ƙarfe, wanda wasu ƙasashe ke kashe gansakuka da shi. Shi ma in ya ɗara kaɗan shina kashe kifi. Tumaki kuwa ba su jimre shi.

Ko magani ya ci, ga abin da ke biyo baya. Gansakuka ta mutu gaba ɗaya, ta ruɓe, ta cinye iskar ruwa. In mai dafi ce, dafinta shi watsu cikin ruwa. Gawarta ta koma taki. Bayan ƴan kwanaki sabuwa ta taso, don abincinta shina nan. An sare reshe, an bar gindi.

10. Hattara da mai kama da fenti

Ba kowace mai kama da fenti ke da dafi ba. Amma ido ba shi rarrabe mai dafi da marar dafi. Don haka a guje musu duka.

Tun 1878 anka rubuta labarin tumaki da dawaki da sunka mutu a ƙasar Ostareliya bayan sun sha irin ruwan ga. A 2014, cikin Agusta, hukuma ta hana mutanen birnin Toledo na Amurka, wajen 400.000, shan ruwan famfo har kusan kwana 3, don dafin gansakuka ya shiga daga babban tabkin da suke ja. A 2020 giwaye fiye da 300 sunka mutu a ƙasar Botswana. Hukumar ƙasar ta ce dafin gansakuka ne cikin ruwan da sunka sha. Abin da ya kada giwa, tunkiya ba ta tsaya mishi.

Dabbar da ta sha tana iya yin rauni, da tangaɗi, da dalala, da zawo. Wata ta mutu cikin ƴan awoyi. Wadda ta tsira, hantarta tana iya taɓuwa, farin wurin fatarta shi riƙa saɓulewa in rana ta dake shi. In an ga haka, a janye garke daga ruwan, a gaya ma likitan bisashe. Naman dabbar ba a ci.

Ga mutum, ruwan ga shina sa ƙaiƙayi, da jan ido, da amai, da zawo, shina kuma taɓa hanta. A hana yara wanka ciki. Wanda ya taɓa shi shi wanke jiki da ruwa mai kyau. Wanda ya sha ya ji ciwo, a kai shi likita.

A riƙe wagga magana da kyau: tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe dafin ga. Tacewa da ƙyalle ma ba ta fidda shi. Ruwan sha a ɗebo shi daga famfo ko rijiya.

Akwai wata gansakuka da ake ci. A ƙasar Cadi, matan Kanembu suna kwasar ta daga tabkunan kanwa, su shanya ta bisa yashi, su sa ta miya. Suna kiran ta dihe. Amma ita iri ce daban, mai son ruwan kanwa. Kada wani shi gwada haka da koren kududdufi.

Abin riƙewa

Gansakuka kaɗan abincin kifi ce. Mai yawa tana shaƙe shi.
Rana, da taki, da ruwa kwance ke kawo ta.
Taki gona, ba tabki ba.
A auna kore, a duba kifi da asuba.
Ruwa mai kama da fenti, ba mutum, ba dabba.
Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don mahawara cikin aji

1. Waɗanne abubuwa 3 gansakuka ke bukata?
2. Don mi kifi ya fi mutuwa da asuba bisa ga la'asar?
3. Ta waɗanne hanyoyi taki ke shiga tabkin garin ga? A lissafa su bisa allo.
4. Wace hanya ce mutanen gari ke iya tarewa kafin damana ta faɗi? Wa za shi ja gaba?

Lissafi

Wani tankin kifi shina da tsawon metir 4, faɗin metir 3, zurfin ruwa metir 1. In an auna ruwa metir 1 tsawo, metir 1 faɗi, metir 1 zurfi, litir 1.000 ke nan.

a) Litir nawa ke cikin tanki?
b) Mai tanki shina so shi sake kashi 1 cikin 4. Litir nawa za shi fidda?
c) Jarka nawa ke nan, in kowace tana cin litir 25?

Amsa: a) 4 × 3 × 1 = 12, wato litir 12.000. b) 12.000 ÷ 4 = litir 3.000. c) 3.000 ÷ 25 = jarka 120.

Rubutu

Kowane ɗalibi shi kwafi layin ga sau 3 cikin littafinshi, shi kuma karanta ma mutanen gidansu: Ruwa ba shi kore banza.